Farin ɗigo a jikin lens ɗina ya ƙi fita, me zan yi?

Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na ajiye tabarau na koma lens na mannawa a ido, mai laushin nan na wata-wata. Tun shigowar hunturu nake ganin farin ɗigo-ɗigo a jikinsa, kamar an barbaɗa gishiri. Na murza da yatsa, ya ƙi fita. In na sa, sai in ji kamar tsakuwa a idon hagu. Ruwan wankinsa ya ƙare, shi ne na dafa ruwa na zuba gishiri kaɗan nake jiƙa shi a ciki. Don Allah me zan wanke shi da shi?

Anti Hauwa:
Innalillahi! Na wata ɗaya ne kika kai shi wata biyu? Ƙanwata, cire shi yanzun nan.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Gwajin ido ne aikina. Hawaye kansa ruwan gishiri ne, kusan kashi 0.9 cikin ɗari. Shi kuma lens mai laushi kamar soso yake, wani lens ɗin kashi 38 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, wani ya haura 70. In iska ta busar da ruwan, gishirin ba ya tashi, nan yake zama. Sai lens ya ƙanƙance, bakinsa ya nannaɗe. Irin wannan gishirin yana narkewa da an jiƙa. Wanda ya ƙi fita kuwa sinadarin kalsiyam na cikin hawaye ne da ya haɗu da maiƙon hawayen ya kafe a cikin jikin lens ɗin. Ko an kankare shi rami zai bari, ramin ya riƙa gogar ido. Ba shi da gyara, yar da shi.

Abin da ya fi tayar min da hankali ruwan da kika haɗa ne. A shekarun 1980 a Amurka, ruwan gishirin haɗin gida ya jawo wa masu lens cutar akantamiba, mai cin baƙin ido har ta makanta mutum. Ko ruwan gishirin da ake sayarwa a kanti ma ɗauraya kawai yake yi, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. In idon ya yi ja ko haske na damunki, je asibitin ido, kada ki jira.

Maman Ilham:
Har kwanon ajiyar ki yar, dama duk wata uku ake canza shi. Lokacin alwala kuma ki runtse ido sosai, kada ruwan famfo ya taɓa lens.

Ummi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na cire, na lalubo tsohon tabarauna. Idon hagun ya ɗan yi ja, gobe da sassafe Yaya zai kai ni asibiti.