Neman shawara: Forth yana tafiya a kwamfuta amma yana sumewa a kan Pico

Ɗan Birni: Salamu alaikum yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina haɗa wata yar na'ura ta auna zurfin ruwa a tankin gidanmu nan Damagaram, da yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi Pico da yaren shirya manhaja na Forth. Na tsara awon haka:

begin-structure awo
1 chars +field hali
1 cells +field zurfi
end-structure

A Gforth (manhajar Forth) kan kwamfuta lafiya lau, amma a Pico da na ce zurfi @ don ɗauko awon zurfin shikenan abin ya ƙame sai na cire waya na mayar, wallahi kaina ya ɗaure.

Mushe Issa: Wa alaikumussalam ƙanena. Rubuta 0 zurfi . ka gani, 1 zai ba ka. To nan matsalar take, +field ba ya daidaita maka adireshi, inda hali ya ƙare nan yake ɗora zurfi. Injin Pico kuwa Cortex-M0+ ne, in zai ɗauko bayit 4, wato cell ɗaya irin na zurfi, dole adireshin ya rabu da 4 cif, in ba haka ba HardFault kawai, wato kuskuren da ke ƙamar da injin, shi ko na kwamfutarka x86 yana haƙuri ya ɗauko maka ko a karkace ne shi ya sa ba ka gani ba. Tsarin Forth 2012 ya tanadi cfield: da field: don wannan. Sa cfield: hali sannan field: zurfi, zurfi zai koma kan 4, awo ya zama bayit 8. In naka Forth ɗin ba shi da su sa aligned kafin 1 cells +field.

Yar Zango: ni dai haushin bayit 3 da ake zubarwa nake ji, ka sa zurfi a farko hali a ƙarshe mana, bayit 5 an gama

Mushe Issa: Hajiya in awo ɗaya ne gaskiyarki. Amma in zai jera su da yawa na biyu zai fara kan 5, an koma gidan jiya, don end-structure ba ya cike ƙarshen. Sai ya riƙa lissafi da awo aligned, wanda 8 ɗin dai zai sake ba shi.

Ɗan Birni: Na canza zuwa field: ya tashi Mushe, Allah ya saka da alheri. Awo 100 nake so in jera, create da allot sun isa?

Mushe Issa: Sun isa, create da kansa yake daidaita farkon wurin. create jeri 100 awo * allot