Wace kalma za mu yi amfani da ita kan tsufa da tuƙin mota?

Malamai da 'yan'uwa, assalamu alaikum. Ana shirya wata takardar wayar da kai ga dattawan direbobi a nan cikin birnin Kano, sai aka tsaya cak a kan sunan da za a ba, da Hausa, abin da likitoci suke kira cognitive ageing da Turanci, wato sauyin da shekaru suke kawowa ga saurin tunani, da lura, da riƙe abu a kai, ba tare da wata cuta ta kama mutum ba.

Kalmar da ta fara zuwa bakin mutane ita ce gigin tsufa, kuma ita ce ya kamata a fara kawarwa. Gigin tsufa ciwo ne, irin wanda mai shi yake ɓata a unguwarsu ko ya kasa gane jikansa, alhali abin da muke magana a kai yana samun kowa, har da dattijon da yake riƙe da lissafin shagonsa a Kantin Kwari ba kuskuren kwabo. Raunin hankali kuwa ya fi muni, domin ba wanda zai faɗa wa mahaifinsa haka ya kwana lafiya. Wani malamin Hausa ya kawo tsufan ƙwaƙwalwa, wadda gajeriya ce mai daɗin faɗa, sai dai tana nuna kamar komai ne yake tsufa lokaci ɗaya, kuma ba haka abin yake ba. Ilimi da sanin hanya da dabarar da aka tara suna nan daram. Abin da yake ja baya shi ne sauri, da iya raba hankali wuri biyu ko uku a lokaci guda.

A tuƙi wannan bambancin ne yake fitowa fili. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, don haka jinkirin daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin abu da taka birki ba ƙaramin abu ba ne. Dattijo zai iya miƙe titin Zariya lafiya ƙalau, amma idan ya zo mahaɗa zai karya hagu ya tsallaka hannun masu tahowa, ga danja, ga ɗan KAROTA yana ɗaga hannu, ga A Daidaita Sahu ta kutso ta gefe, sai aikin ya yi wa kansa yawa. Shi ya sa haɗurran tsofaffin direbobi suka fi yawa a mahaɗar hanyoyi, ba a wajen gudun ganganci ba.

Saboda haka ni na tsaya a kan raguwar kaifin ƙwaƙwalwa, idan ana son fayyacewa a ƙara da ta tsufa. Kaifin ƙwaƙwalwa magana ce da kowa ya sani tun daga makarantar allo, kuma raguwa tana nuna abu ne mai hawa-hawa, ba yankewa ba. An ba da shawarar dakushewa, tunda ita ce kishiyar kaifi, amma a bakin mutanenmu ta fi tafiya da daƙiƙin ɗalibi ko wanda ƙwaya ta lalata, kuma dattijo ba zai karɓe ta ba.

Saura sunan binciken da likita yake yi wa dattijon direba don a ga ko wannan raguwar ta taɓa tuƙinsa. A guji cewa gwajin ƙwaƙwalwa, domin a Kano duk wanda aka ce za a yi masa wannan, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ne yake faɗo masa a rai. Awo ya fi dacewa, tunda mun saba da awon jini da awon ido, kuma ba mai jin kunyarsu. Idan likita ya ce, "Baba, bayan awon ido za mu yi maka awon kaifin ƙwaƙwalwa," babu cin fuska a ciki.

Wannan awon ba baƙon abu ba ne a duniya. A Japan duk direban da ya kai shekara 75 sai an yi masa kafin a sabunta masa lasin, a Birtaniya kuwa ba a wajabta shi ba, amma daga shekara 70 ana sabunta lasin duk bayan shekara 3, mutum ya bayyana lafiyarsa da kansa. Daga cikin abin da likitoci suke ba mutum a irin wannan awon akwai zana fuskar agogo ya sa hannayenta a wani lokaci, da haɗa lambobi da haruffa bi da bi, 1 zuwa A, 2 zuwa B, ana duba lokacin da ya ɗauka. A nan ne nake da ƙorafi, domin da yawa daga cikin tsofaffin direbobinmu da ajami suka tashi, kuma wanda bai saba da biro da haruffan boko ba zai iya faɗuwa alhali kansa garau yake. Ko awon da ake kira MoCA, mai maki 30, yana ƙara maki 1 ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. Takarda kaɗai ba ta isa a raba mutum da sitiyarinsa ba, sai an zauna kusa da shi an ga tuƙinsa a kan titi, kuma wannan ɓangaren sunansa gwajin tuƙi, kamar yadda direbobi suka riga suka sani.