Gilisarin ɗin da ke kwantawa a gindin durom, zai yi jin ɗumi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da injin niƙa a Mabera. Tun da man gas ya yi tsada nake sayen tsohon man suya wurin masu ƙosai da awara, in tace, in haɗa da metanol (wani sinadari dangin barasa mai kama wuta) da soda ya zama mai irin man gas, inji kuma yana sha lafiya lau. Damuwata wannan ruwa mai kauri, ja-ja baƙi-baƙi, da ke kwantawa a gindin durom, wanda aka ce mini gilisarin ne. Jarkoki sun cika zaure, ba na so in zuba a kwata ya gangara wa maƙwabta. Ga hunturu ya kama, gawayi ya hau, tsohuwata kuma ba ta runtsawa sai da kasko a ɗaki. Zan iya jiƙa garin katako da shi a riƙa sa mata?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam. Malam, don girman Allah kada ya shiga ɗakin Inna. Gilisarin yana cin wuta, amma ba ya kamawa da sauƙi irin na kananzir. Idan zafi ya kai wajen digiri 280 a ma'aunin Celsius, wutar kuma ba ta da ƙarfin cinye shi ƙurmus, sai ya fitar da wata iska mai guba, akrolin. Ka san warin nan da ke tashi in mai tuya ta bar mai a wuta har ya ƙone, ido ya kama hawaye, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi? To shi ne. Wutar kasko kuwa ci take a hankali, daidai yadda gubar ke samun fitowa, kuma tsoho da jariri da mai asma ƙirjinsu ba ya ɗauka.

Sannan abin da ke jarkarka ba gilisarin zalla ba ne. Akwai sabulu, akwai soda, akwai metanol. In kana zuba lita 20 ta metanol a kowace lita 100 ta mai kamar yadda aka saba, kaso mai yawa na rarar metanol ɗin cikin gilisarin ɗin yake gangarowa. Metanol yana tafasa tun a digiri 65, harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana, kuma yana makantarwa in ya shiga jiki. Ka kwashe jarkokin daga zaure tun yau.

Mai walda: Ni na gwada, amma a fili. Ina kwaɓa shi da garin katako, in danƙara a kwali, ba na jefawa sai itace ya riga ya yi jajir a murhun durom mai bututun hayaƙi, in dafa ruwan wanka. In ka yi gaggawa ka sa tun wuta ba ta kankama ba, hayaƙin zai kore ka. Tokar fara ce, tana kama ƙarfe tana cinsa. Kuma kada ka sa rai da yawa, zafin gilisarin zalla bai kai rabin na man gas ba.

Hajiya mai sabulu: Ɗana, ƙonawa ai asara ce. In an raba shi da metanol sabulun wankin hannu yake yi, mai cire baƙin mai, kanikawa za su saya. Ban da wankan yara dai. Ka toshe bakin jarkokin da kyau, abin yana da ɗan zaƙi, akuya ko yaro na iya lasa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ko gawayin ma, a bari ya ruru a tsakar gida kafin a shigar, a bar taga a buɗe, a fitar da shi kafin barci. Bargo biyu da safa sun fi mata aminci.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Yaya zan cire metanol ɗin? In ɗora a murhu?

Malamin kimiyya: A'a, tururinsa na haɗuwa da harshen wuta zai kama. Da hita ta lantarki ake yi, a rufaffiyar tukunya, a waje, tururin ya bi bututun jan ƙarfe da aka nutsa cikin ruwan sanyi ya ɗiga a kwalba. Wannan metanol ɗin za ka sake haɗa mai da shi. Kafin ka ƙera, ka zana tsarin a takarda ka kai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su duba maka.