Juriya ko garkuwa? Neman sunan ƙwayar gadon da ke kare shuka

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina fassara wata takardar wayar da kan manoma a nan Kaduna, sai na cije a kan "resistance gene", wato abin da shuka ke gada wanda ke kare ta daga bairos.

"Gene" dai na daina ce masa ƙwayar halitta, don da sunan nan muke kiran sel ma. Ƙwayar gado ta fi dacewa, tunda a cikin iri take tafiya.

Rigimar tana rabi na biyu. Wani malamin gona daga Giwa ya ce mini, "Malam, sa juriya kawai, kowa ya san ta." Ban yarda ba. Mai juriya ciwo ya riga ya shige shi, daurewa yake yi. Masana ma sun ware wannan daban: shukar da bairos ya cika ta, amma ta yi yabanya.

Ku duba taba. Wasu irinta suna da ƙwayar gado mai suna N, wadda aka ciro aka gano tsarinta a 1994. Da bairos ya shiga ganye, furotin ɗin da take haɗawa zai gane shi, sai shukar ta kashe 'yan sel ɗin da ke kewaye da wurin. Busassun ɗige-ɗige kawai za ka gani a ganyen, cutar ta tsaya nan. Kamar manomin da ya ƙona gefen gonarsa da hannunsa, don gobarar daji ta iso ta rasa abin ci.

Shi ya sa wata 'yar uwa ta kawo "mai gadi". Ya burge ni ƙwarai, sai dai bai kama duka ba. A barkono akwai wadda ba ta gadin komai: furotin ɗin da bairos ke dogara da shi wajen hayayyafa ta sauya, ya shigo ya tarar ba masauki.

Rigakafi kuwa, manomi zai ɗauka feshi ne.

Na tsaya a kan "ƙwayar gadon garkuwa". Abin yana damuna ne saboda Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa daina zancen 1975 ba, shekarar da darɓa ta yaɗa cutar da ta kuturtar da gyaɗa a faɗin Arewa. Ya tuge tushe, ya ga ba ko kwanso ɗaya. Yau cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar da irin gyaɗa na SAMNUT masu garkuwa daga wannan cuta, kuma ina son mai saye ya san abin da ke cikin buhun.

Wanda ke da kalmar da ta fi wannan gajarta, ya ajiye mini kafin Litinin, ranar za a kai takardar wajen bugawa.