Daga Kufena zuwa Kagoro: waɗanda suka daɗe suna hawan duwatsu su ba mu labari

Malamin sakandare, Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum. A makon jiya Allah ya nufe ni da sauka lafiya daga Dutsen Kagoro, wanda shi ne na ƙarshe a jerin duwatsun jiharmu ta Kaduna da na ƙudurta hawa tun babbar 'yata tana firamare, ga shi yanzu tana jami'a. Na fara da Kufena a Zariya, na bi da na Kujama da na Kajuru, sannan na gangara kudu zuwa yankin Nok a ƙasar Jaba. Abin da ya ja lokacin shi ne dogon hutunmu na makaranta yana faɗowa ne a tsakiyar damina, sa'ad da gansakuka ke rufe falalen dutse har ya zama ba ya takuwa, saboda haka hutun Disamba kaɗai nake da shi a kowace shekara. Dutse ɗaya na cire daga jerin, wato na Turunku, domin duk lokacin da na aika tambaya mutanen yankin sukan ce a dakata saboda halin tsaro. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗi yadda tasu ta kasance.

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Malam, barka da arziki. Na yi aiki a tashar Kafanchan, kuma daga can ne na saba da Kagoro, har na ga bikin Afan da suke yi ranar 1 ga Janairu, inda maharba ke fitowa da kwari da baka. Abin da zan gaya wa matasa shi ne ban taɓa taka dutsen da ban fara gaida mai unguwar gindinsa ba. Shi zai haɗa ka da maharbi ko wani saurayi da ya san hanya, shi zai gaya maka wurin da ba a so baƙo ya shiga, kuma idan magariba ta yi ba a ga saukowarka ba, shi zai tayar da mutane. Wani maharbi da ya taɓa yi mini jagora ya tsayar da ni da hannu a bakin wata 'yar kwazazzaba, ya jefa tsakuwa cikin busasshen ganyen da nake shirin takawa, sai ga macijiya kasa ta motsa. Ni dai ganye kawai na gani.

Game da Turunku kuwa, Malam, ni a ganina ba ka gama ba tukuna. Wurin da tarihi ya danganta da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina bai kamata a share shi daga jerin duwatsun ƙasar Zazzau ba. Ka bar shi a rubuce, Allah zai kawo zaman lafiya.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:

Baba, da girmanka, ina ganin Malam ya gama, domin abin da mutum bai da iko a kansa ba a lissafa masa shi a matsayin bashi. Ni da maigidana muka yi namu, bayan likita ya umarce shi da tafiyar ƙafa saboda hawan jini, kuma burinmu shi ne mu kai duwatsun Shere da ke kusa da Jos, waɗanda tsayinsu ya kai kimanin mita 1,829 daga doron teku. Mun kai. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne saukowa ta fi hawa wahala ga wanda ya haura arba'in, saboda dukan nauyin jiki a gwiwa yake sauka, kuma a lokacin ne gajiya ke sa ƙafa ta goce. Sanda ta makiyaya ta fi mana amfani fiye da duk abin da muka saya.

Ga 'yan'uwana mata, dogon hijabi yana kama iska a saman dutse, yana kuma sarƙewa da ƙaya, don haka matsakaici da dogon wando a ƙarƙashin riga sun fi. Kada a ɗauki kilishi a matsayin guzuri, ƙishirwa yake jawowa. Dabino da gyaɗa sun wadatar, tare da ƙunshin gishiri da sukari na haɗawa da ruwa. Sanyin hunturu yana ruɗin mutum ya ga kamar ba ya zufa, alhali ruwan jikinsa yana ƙarewa. Idan kuma maciji ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, sai a hana ƙafar motsi a nufi asibiti.

Ɗalibi, Rigasa:

Iyayena, ni ban kai ko rabin abin da kuka yi ba, Kufena da Kujama kawai na taka, amma zan ƙara abu biyu. Takalmin hawa mai ƙasan roba mai kauri ana samunsa a gwanjon Kasuwar Barci a farashin da ɗalibi zai iya, sai dai a sayi wanda ya ɗan yi wa ƙafa yawa, in ba haka ba farcen babban yatsa zai yi baƙi a gangara. Na biyu, a Kufena mun tashi bayan asuba domin mu riski garin Zariya daga sama, sai hazo ya rufe komai har ba ma hango ƙauyen da ke gindin dutsen. Wanda yake son ganin nesa ya je a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kuma kafin ƙura ta sauko.

Malamin sakandare, Unguwar Dosa:

Na gode muku duka. Hajiya, na ji daɗin kariyar da kika yi mini, amma maganar Baba ta zauna mini, kuma na mayar da Turunku cikin littafina. Ɗana na Rigasa, idan iyayenka sun amince, a hutun Disamba mai zuwa zan koma Kagoro ta hanyar Kachia da Zonkwa tare da wasu abokan aikina, kuma akwai wurin mutum ɗaya a motar.