Zane a lakwal: karatu ne ko cin lokaci?

Kawun Yara: Salamu alaikum 'yan grup. Jiya yarona ya dawo daga lakwal kayensa cike da zanen raƙumi da tulu, ga shi bana zai yi jarabawar BEPC ta gama kwaleji. Ni dai na ce awar nan ta zane da waƙa a maida ta lissafi, zane ba ya buɗe wa yaro kai, wasa ne kawai.

Mushe: Kawu da girmanka amma ban yarda ba. In na ba yaro lissafi amsa ɗaya yake nema, ya samu ya rufe kaye. Amma ran da na ajiye buta bisa tebur na ce ku zana, kowa sai da ya tsaya ya duba ta ina mariƙin ya lanƙwasa, ina inuwa ta faɗi, wata yarinya ta goge har sau uku don bakin butar ya ƙi zama daidai, ƙarshe ta tashi ta sake wurin zama ta kalle ta daga gefe, kuma ba ni na ce ta tashi ba. In wannan ba tunani ba ne to mene ne?

Kawun Yara: To a jarabawa za a ajiye mata buta? 😂

Baduku: Mushe gaskiyarka rabi ce. Ku zaga Birni, tsohuwar unguwar nan ta Damagaram, ku dubi zanen bangon gidaje, maginan da suka yi shi wace lakwal suka shiga? Ni zanen fata a gaban babana na koya, in ka ɓata fata ɗaya ka ɓata kuɗi, dole kanka ya yi aiki. Awa ɗaya a sati, ba fenti ba takarda, me za ta koya wa yaro?

Hajiya: Ɗan'uwa ba kowane yaro ke da uba baduku ba ai. Kuma jami'ar garin nan sunan wa take ɗauke da shi? André Salifou, masanin tarihi da ya rubuta wasan kwaikwayo kan Tanimun, tsohon Sarkin Damagaram. Ko wasan kara, yaro ya kwaikwayi gwamna har tafiyarsa da tarinsa, sai mai lura.

Kawun Yara: Hajiya shi Salifou ai sai da ya ci jarabawa tukuna.

Mushe: Kawu turo mana hoton raƙumin nan mu gani.

Kawun Yara: Bari ya dawo. Amma wallahi raƙumin ya yi kyau, har da gurfanawa.