"Bashi hanji ne, yana cikin kowa": a bakin wa ta dace?

Mai Shagon Kwana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar muka yi sa-in-sa da maƙwabcina a bakin shago. Tun azumi yake ɗibar kaya, shinkafa, taliya, man girki, har ya kai naira 47,000. Na ce masa Asabar zan shiga kasuwar Singer saro kaya, ya taimaka ya rage wani abu. Sai ya dube ni ya ce, "Haba Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa," ya kaɗa rigarsa ya tafi. 'Yan kan benci suka kwashe da dariya, ni kuwa bakina ya mutu. Don Allah wannan maganar ta mai bi ce ko ta wanda ake bi? Tun jiya take cina.

Almajirin Malam:
Wa alaikumus salam. Ta lallashi ce. Wanda bashi ya hana barci ake gaya wa, don kada ya ɗauka shi kaɗai ne. Amma wanda ake bi ya ɗauke ta ya yi garkuwa da ita, wannan rashin ta-ido ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan bashi take: a rubuta, a kafa shaidu. Kuma ya tabbata a hadisi cewa jinkirin mai hali zalunci ne. Ka rubuta kuwa?

Mai Shagon Kwana:
Wasu a bayan kwalin sabulu, wasu a ka.

Hajiya 'Yar Kwari:
A ka! Ɗana, kai ba littafi ba ne. Ni kuma Malam ban yarda ta lallashi ce ba, maganar 'yan kasuwa ce. A kasuwar Kantin Kwari wa ba ya karɓar kaya bisa amana, ya sayar ya kawo kuɗi? Dila na bin mai shago, mai shago na bin dillaliya, ita kuma tana bin iyayen amare. Hanji ai aikinsa abu ya shiga ya fita. In ya tsaya, kumburin ciki ne.

Ɗan Damagaram:
To a jiƙa wa maƙwabcin nan kanwa, Hajiya ta gano cutar.

Jikar Inna:
Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. A Bichi take, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, ba ta taɓa zama a aji ba. Har ta rasu da sule da fam take lissafi, duk da an koma naira tun 1973. Gwangwani biyu gare ta a ƙarƙashin gadon ƙarfe, ɗaya na uwa, wato jari, ɗaya na riba. Cefane, sabulu, gudummawar biki, duk daga na riba. Na uwa kuwa gyaɗa kawai yake sayowa, ko kakanmu bai isa ya ranta a ciki ba.

Bashi a jikin bango take zana shi da gawayi, kowace mata da layinta, kwalba ɗaya zane ɗaya. Zane na kaiwa biyar sai ta ja na kwance a kai, an rufe ke nan har a biya. Wata rana ƙanwar kakanmu ta zo neman kwalba ta shida, ana gobe sunan jikarta. Inna ta ce babu. Gwaggo ta yi ta faɗa a tsakar gida, har ta jefo wannan karin maganar taku. Inna ta ce, "Haka ne, amma kowa nasa hanjin yake ɗauka." Sai ta shiga ɗaki, ina biye da ita, ta ƙirga kuɗin kwalba ɗaya daga gwangwanin riba ta zuba a na uwa, ta fito ta miƙa wa Gwaggo man ta ce, "Wannan gudummawata ce. Biyar ɗin can kuma suna nan."

A lokacin na ɗauka rowa ce da neman suna. Sai da na fara sayar da turaren wuta a WhatsApp, na yi shekara biyu komai na faɗawa asusu ɗaya, kuɗin kaya da na kati da na anko, ranar saro kaya in ga babu, sannan na gane. Yanzu asusu biyu gare ni, kuma cewa "a'a" ta daina yi min nauyi.

Baban Walid:
Da Inna aka bai wa ma'aikatar kuɗi da mun huta. Waɗanda muka zaɓa gwangwani ɗaya gare su, shi ma gindinsa a huje. Su ciwo bashi da sunan jikokinmu, ka yi magana a ce hanji ne.

Ɗan Damagaram:
Zaɓe ya matso kuma su zo da taliya ƙulli biyu su ce jari ne.

Mai Kula da Zaure:
A bar siyasa don Allah, a koma kan karin magana.

Malama Uwani:
Ni tausayin maƙwabcin nake ji. Almajirin Malam ya kawo ta 282, ya tsallake ta 280 da ta ce in mai ƙunci ne a jinkirta masa. Wataƙila kunya ce ta sa shi faɗin haka, tunda a gaban mutane aka tambaye shi. Da ka same shi a soro ku biyu.

Hajiya 'Yar Kwari:
Malama, mai shagon fa shi ma ana bin sa. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mun gani da idonmu: ka ba da kaya bashi, a biya ka bayan wata uku, kuɗin su kasa sayo maka irinsu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Baban Walid:
Ga wata kuma an jefo, ba mu gama da ta farko ba.

Mai Shagon Kwana:
Na gode. Na sayi littafi ɗazu, ina kwashe na jikin kwalaye. Amma ga ɗansa nan tsaye, wai babansa ya ce a ba shi sukari rabin kwano. In ba shi?

Ɗan Damagaram:
Jikar Inna, har yanzu ana yin ƙulin a gidanku? Mai yaji nake so.